Yadda Kawu Ƙanƙara Ya Narke

Kwana tara cif Oga ya yi a ƙasar waje wajen wani kwas, biyu daga ciki ma a hanya suka ƙare, amma da ya dawo sai ka rantse can aka yanke masa cibiya. Tsaraba biyu ya kawo. Ta farko wani mayafin wuya na ulu mai ratsin ja, wanda ba ya cirewa ko da rana na iya soya ƙwai a kan kwalta. Ta biyu kuwa wata 'yar kalma ce da yake buɗe kowace magana da ita. Ka ce masa ina kwana, ya ce, "A can, ba a ɓata lokaci wajen gaisuwa." Ka miƙa masa ruwa, ya kurɓa ya yatsine fuska, ya ce, "A can, ruwa da kansa yake yin sanyi." Kafin sati ya zagayo, duk gidan talabijin ɗin, tun daga mai gadi har sama, ba mai kiransa da komai sai Oga A-Can. A bayan idonsa dai.

Shi ne furodusan shirin ƙananan yara da ake nunawa kai tsaye duk Asabar da safe. Shirin ba ya da wata wahala. Anti, mai gabatarwa, ta zauna a kan darduma, yara goma sha biyu 'yan shekara uku zuwa huɗu su kewaye ta, a yi waƙa, a yi ƙirga, sannan Kunkuru ya leƙo daga bayan tebur ya tafka shirme, yara su gyara masa suna ihu. Kunkurun na tsumma ne, idanunsa maɓallan riga, ɗaya ya fi ɗaya girma. Mai riƙe da shi wani dattijo ne da ya shekara goma sha tara a durƙushe ƙarƙashin teburin nan, hannu cikin tsumma, har sunansa na yanka ya ɓata, kowa Baba Kunkuru yake ce masa. Maƙogwaro kuwa Allah ya ba shi. Zai yi maka kukan jariri, ya yi ƙarar ƙofa, ya yi tarin Manaja har mutane su miƙe tsaye.

Ranar Litinin Oga ya kira taro a ofishin Manaja.

"A can," in ji shi, yana gyara mayafi, gumi na gangarowa ta ƙeyarsa, "yara ba sa kallon tsumma. A can, in lokacin sanyi ya zo, shiri na musamman ake yi. Dusar ƙanƙara na zubowa daga sama fari fat, yara na tsalle, ga mutum-mutumin ƙanƙara yana rawa. Wannan Asabar ɗin za mu yi shirin sanyi. Kuma zan fito da sabon tauraro, Kawu Ƙanƙara. Ni da kaina zan shiga rigar, don ba wanda ya san tafiyarsa sai wanda ya gani da idonsa."

"Oga, ka gan shi yana tafiya?" in ji Anti.

"Na gan shi a tsaye, ta tagar mota. Mai basira daga tsayuwa yake gane tafiya."

"To Kunkuru fa?"

"Kunkuru zai yi layi ɗaya. Ya ce, 'Yara, na tsufa, ga Kawu nan ya gaje ni.' Shi ke nan, ya sauka. Baba ya je gida ya huta."

Baba Kunkuru ya dubi Manaja. "Ranki ya daɗe, ni ban ce na gaji ba."

"Gwiwarka ta gaji, Baba," in ji Oga.

"Gwiwata ba ta kai ƙara wurin kowa ba."

Manaja mace ce mai magana ɗaya, wadda ba ta son taro ya wuce shan shayi kofi guda. Ta ajiye kofin ta ce, "Asabar ɗaya na ba ka. Zan sauko in kalla da idona. In yara suka karɓi Kawun naka, Kunkuru ya tafi sito, Baba ya tafi gida. In ba su karɓe shi ba, kada in ƙara jin kalmar ƙanƙara a gidan nan sai a cikin kofi."

Baba ya miƙe. Ya ɗauki Kunkurunsa ya sa a aljihun riga, kai a waje, ya fita. Gidan da ake ta faɗa masa, shi ya san abin da ke can: benci ɗaya a ƙofa, da rediyo, da yini mai tsawon shekara.

Talata aka shiga neman dusar ƙanƙara. Oga ya shigo ɗakin shiri da buhun fulawa a kafaɗa, ya sa aka kafa babbar fanka, ya zaunar da Anti a kan darduma.

"Ki ɗaga kai sama, ki yi murmushin mamaki. A can haka suke yi."

Ya kunna fanka, ya kamfato fulawa ya watsa. Fanka ba ta je kwas ba, saboda haka ba ta san sama ake so fulawar ta bi ba. Ta kwashe ta duka ta maka wa Anti a fuska. Anti ta yi atishawa bakwai a jere, gumin goshinta ya haɗu da gari ya zama ƙulli. Sauran fulawar ta shige cikin na'urorin Mai Sauti, wani siririn mutum da bai taɓa dariya a wurin aiki ba. Ya cire abin kunnensa ya busa, hayaƙi fari ya tashi.

Mai Shara ta tsaya a bakin ƙofa, tsintsiya a hannu. Tsohuwa ce da ta riga ginin zuwa wurin, kuma ba ta tsoron kowa sai hawan jini.

"Sannu, Oga. Ashe gidan burodi aka mayar da mu ba a faɗa mini ba. A kawo yis ko kun sa?"

"Iya, wannan fasaha ce."

"To fasahar ta san inda ake ajiye tsintsiya?"

Ranar Laraba Oga ya ce fulawa tsohon yayi ce, a can ma kumfa suke amfani da ita. Ya juye garin sabulu a baho, ya sa hannu ya kaɗa har kumfa ta kai masa gwiwar hannu, ya shimfiɗa ta a ƙasa. Ya ja da baya ya ce kowa ya lura, zai nuna yadda ake taka ƙanƙara. Taku ɗaya ya yi. Na biyun ƙafafunsa suka yi ba tare da shawara da shi ba, suka tafi gabas, shi ya tafi yamma, ya bi ƙasa da mazaunai har sai da ƙafar kyamara ta tare shi.

Ya ɗago daga kwance, kumfa a gira. "Kun gani? Wannan shi ake kira zamiya. Mutane har layi suke bi su yi ta."

"Allah ya ba su lafiya," in ji Mai Shara.

Alhamis aka tsaya a kan auduga. Oga ya iso da filo shida a bayan mota, ya farke su da reza a tsakar ɗakin shiri. Ana cikin tsinkar auduga wayarsa ta yi ƙara, ya danna ta a fili don hannunsa ba sarari, sai muryar matarsa ta cika ɗaki.

"Baban yara, ina filolin gidan nan? Har da na Mama da take jingina bayanta!"

"Suna aikin ƙasa. Za ki gan su a talabijin."

"A talabijin za mu ɗora kai?"

Ya kashe wayar da haɓa. Daga ƙarƙashin tebur, inda Baba ke ɗinke wa Kunkuru wuya, sai aka ji muryar matar ta sake fitowa, ba ragi ba ƙari: "A talabijin za mu ɗora kai?" Oga ya zabura ya sake danna wayar da ke kashe. Mai Sauti ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Juma'a tela ya kawo rigar Kawu Ƙanƙara. Da katifar soso aka yi ta, dunƙule uku, na ƙasa kamar randa, na tsakiya kamar tulu, na sama kai. Zif a baya, karas na gaske a wurin hanci, ramuka biyu ƙanana na ido.

"Oga, ban huda baki ba fa," in ji tela. "Ta ina za ka sha iska?"

"A can ba ya buɗe baki. Murmushi aka zana masa, shi ke nan. Makirufo zai shiga ciki, a manne a singiletina."

"Soso ne fa. Soso da zafi ba sa ga maciji."

"Malam, kai ɗinki ka sani. Bar mini kimiyya."

Anti ta ce a kawo yaran a yi gwaji ko sau ɗaya, su saba da abin. Oga ya kaɗa yatsa. A can ba a gwaji da yara, mamakinsu na gaskiya ake so. Ya miƙa mata takarda mai shafi huɗu, har da amsoshin da yara za su bayar ya rubuta musu. Anti ta duba ta ce, "Oga, 'yan shekara uku ne. Ba su iya karatu ba." Ya ce wannan matsalar iyayensu ce. Iyayen kuwa tuni ya aika musu da saƙo: kowane yaro ya zo da rigar sanyi mai kauri, da hular ulu, da safar hannu.

Asabar ta waye da irin zafin da kare ke neman inuwar ɗan'uwansa. Iyaye mata suka iso suna fifita da gefen mayafi, kowace na jan wani ƙunshin tsumma mai ƙafafu. Waɗanda ba su da safar hannu an zura musu safar ƙafa a hannu. Wani yaro an sa masa rigar sanyin babansa, an naɗe hannun sau biyar, yana tafe yana taka gindinta.

"Wai wa ya ce a naɗo yara haka?" in ji wata uwa. "Mai kantin da na tambaya safar hannu sai da ya taɓa goshina."

"Hajiya, yau ɗanki zai shiga tarihi," in ji Oga.

"Ya shiga ya fito da rai dai."

Don a samu sanyi na gaske, Oga ya sa an kawo manyan sandunan ƙanƙara guda takwas, ya jera su a bayan darduma, daidai ƙarƙashin manyan fitilu, wai don su yi ƙyalli. Ya sa Mai Shara ta hau tsani da buhun auduga, ya ce in ya ɗaga hannu ta riƙa saki kaɗan-kaɗan, cikin tausayi. Shi kuwa zumuɗi ya sa ya shige rigar soso tun saura awa guda, aka ja masa zif, aka naɗa masa mayafinsa a wuyan Kawu, ya tsaya bayan labule yana gwada rawa.

Saura minti biyar Mai Sauti ya miƙe, ya je bango, ya kashe esi, na'urar sanyaya ɗaki. Ya zo ya kashe fanka.

"Kai! Wa ya kashe?" Muryar Oga ta fito daga lasifika.

"Ni ne, Oga. Kullum ai haka ake yi. In esi na aiki, makirufo gurnaninsa kawai yake ɗauka. Shekara nawa kana gidan nan?"

"Amma yau shirin sanyi ne!"

"Makirufo bai sani ba."

"A can..."

"A can ma kashewa suke yi, Oga. Sai dai su in sun kashe ba sa dahuwa."

Manaja ta shigo ta zauna a kujera kusa da iyaye, ta harɗe hannuwa. Baba ya rarrafa ya shige ƙarƙashin tebur, gwiwoyinsa na ƙara kamar ana karya kara. Aka rufe ƙofa mai kauri. Manyan fitilu goma suka kama gaba ɗaya. Sannan jar fitila ta kama, wadda ke nufin duk garin na kallo, kuma daga nan ko gobara ce ta tashi, da murmushi ake ƙonewa.

"Barkanmu da safiya, yara!" in ji Anti, cikin wata jibgegiyar riga mai gashi, hoda na narkewa a kumatunta. "Yau mun zo ƙasar sanyi! Yara, kuna jin sanyi?"

A takardar Oga an rubuta: Yara, da murna: E, Anti, muna rawar ɗari!

"A'a!" in ji yara goma sha biyu da murya ɗaya.

Anti tana da ƙa'ida tun da ta fara aikin nan. In ta yi tambaya sai ta jira amsa, kuma ba ta taɓa ce wa yaro abin da ya ji a jikinsa ba haka ba ne. Ta sake tambaya.

"To me kuke ji?"

"Zafi!"

"Ƙaiƙayi!"

"Anti, ni zan cire," in ji wata yarinya mai kitso biyu. Ba ta jira izini ba. Ta tuɓe hula, ta tuɓe rigar sanyi, ta ga abin ya yi daɗi, ta ci gaba da ta ciki. Sauran suka ga an buɗe hanya. Nan da nan safa ta fara tashi sama. Mai kyamara ya yi ta neman inda zai nuna wanda ba cibiya.

Daga bayan labule Oga ya ga shirinsa na zamewa, ya ɗaga hannu don a saki ƙanƙara. Mai Shara ta karkata buhu cikin tausayi kamar yadda aka ce. Ba abin da ya fito, don audugar ta kwana a danne ta zama dunƙule ɗaya. Ta girgiza. Ta sake girgizawa. Ta ce, "Kai, ni ba 'yar wasa ba ce," ta kifa buhun gaba ɗaya. Filo shida suka sauko a tare, tim, a kan Anti.

Anti ta fito da kai daga cikin tulin auduga, ta tofar da wadda ta shiga bakinta, ta yi murmushin da aikin ya wajabta.

"Yara, me ya faɗo daga sama?"

Wani yaro mai kumatu ya matso, ya ɗauki audugar ya shinshina. Idanunsa suka ciko.

"Anti, filo ya fashe. Za a dake mu?"

"Ba wanda zai dake ku. Wannan ita ce..."

"Ba ni na fasa ba."

"Ni ma ba ni ba ce!"

Iyaye suka fara toshe baki da mayafi. Yaran kuwa da suka tabbata ba duka, suka faɗa cikin audugar da jikinsu jiƙe da gumi. Duk wanda ya shiga ya fito kamar ɗan tsakon da aka fara figewa aka fasa.

Ana cikin haka sandunan ƙanƙarar nan takwas, da suka yi rabin awa suna ƙyalli a ƙarƙashin fitilu, suka gama shawara suka koma ruwa. Ruwan ya biyo ƙasa a hankali, ya shiga darduma ta baya. Mai kitso biyu ce ta fara ji. Ta miƙe, ta taɓa mazaunanta, ta dubi kyamara ido cikin ido.

"Anti, wani ya yi fitsari. Mai yawa."

"Ba fitsari ba ne, 'yar Anti."

"Har da sanyi. Ba shi da lafiya."

Manaja ta sunkuyar da kai tana duban takalminta.

Oga ya ga in bai fito yanzu ba, ba sauran abin fitowa. Ya yi wa Mai Sauti alama a saki kiɗa, ya ture labule ya danno. Dunƙulen ƙasa ya maƙale tsakanin katakai biyu na ado. Ya ja baya ya sake dannowa da ƙarfi, katakan suka biyo shi, ɗaya ya faɗi da bishiyar kwali a jikinsa. Sai ga wani farin abu, ya kusa taɓa fitila, ba baki, ba wuya, ramuka biyu baƙaƙe a fuska, yana tangaɗi yana miƙo hannuwa wajen yara.

A nan ne ya kamata a ji: "Ho ho, yara, ni ne Kawu Ƙanƙara!" Amma makirufon da ke manne a singiletin Oga ya yi awa guda yana wanka da gumi, ya riga ya amsa kira. Abin da ya fito ta cikin soso kawai shi ne, "Mmmuu! Mmmuu huu!"

Mamaki na gaskiya Oga ya nema, kuma ya samu. Yara goma sha biyu suka ƙwalla ƙara lokaci ɗaya. Uku suka shige cikin rigar Anti. Biyu suka nufi iyayensu, auduga na tashi a bayansu. Mai rigar babansa ya taka gindinta ya faɗi, ya ga tashi ba riba, ya ci gaba da kuka a kwance. Oga ya matso don ya lallashe su, kukan ya ƙaru. Ya ce bari ya yi rawa su gane shi na wasa ne. Ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya sauke ta a kan jiƙaƙƙiyar auduga.

Faɗuwar ba ta yi ƙara ba, soso ne. Ya tafi da baya a hankali, cikin natsuwa, ya kwanta rigingine a cikin ruwa, ƙafafu a sama suna harbin iska. Ya yunƙura dama, randar ta dawo da shi. Ya yunƙura hagu, ta dawo da shi. Soso kuwa ya samu abin da aka halicce shi dominsa, ya shiga shan ruwa.

Saura minti shida a shirin. Anti ta dubi kyamara, bakinta a buɗe. Mai Sauti ya dubi Manaja, ya dubi tebur, ya tura maɓallin makirufon Baba sama.

Wani kai na tsumma ya leƙo a hankali. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi abin da ke kwance.

"Af! Wane ne wannan ya kwanta irin kwanciyata bai nemi izini ba?"

Kukan ya ragu da rabi. "Kunkuru!" in ji mai kumatu, majina har leɓe.

"Yara, ku tsaya in tambaye shi. Bawan Allah, daga ina?"

Sai muryar Oga ta cika ɗakin, tsaf, da hancinta da jan wasalinta da komai: "Daga can."

Iyaye suka dubi juna. Ƙafafun da ke harbin iska suka tsaya cak.

"Can ina?" in ji Kunkuru.

"Can dai. A can, ba a tambayar mutum daga ina."

"To me ya kawo ka nan?"

"Na zo in koya wa yara sanyi."

"Yara, kun koyi sanyi?"

"A'a!"

"To kai me ka koya, Kawu?"

"Na koyi zafi," in ji muryar, a raunane. "Yara, ku yafe mini. Ni mutumin ƙanƙara ne, ba a kawo ni inda ake gumi. Wanda ya kawo ni bai yi tunani ba. Ga shi ina narkewa. Duk ruwan nan da kuka gani, ni ne."

"Na faɗa muku ba shi da lafiya," in ji mai kitso biyu.

Oga na gaske ya fara kaɗa hannuwa biyu da iyakar ƙarfinsa, yana "Mmmuu! Mmmuu!"

"Kun gani, yara? Yana yi muku sai wata rana. Ku ɗaga masa hannu."

Hannuwa ashirin da huɗu suka tashi, wasu da safar ƙafa. Mai kitso biyu ta matsa kusa, ta leƙa ramin idon, ta tsuguna.

"Kawu, za ka dawo?"

Oga ya shiga gyaɗa kai da ƙarfi, e, e, e. Kan soso ya juya ya koma gefe, karas na kallon bango.

"Ba zan dawo ba har abada," in ji muryar. "Na yi muku alkawari. Ku riƙe Kunkurunku, shi ya san ku."

Yarinyar ta gamsu. Ta cire karas ɗin ta gatsa.

"To yara, baƙo in zai tafi, raka shi ake yi," in ji Kunkuru. "Ku zo mu tura shi gida. Da ƙirga fa! Anti, a ja mana."

Anti ta farfaɗo. "Ɗaya!" Yara goma sha biyu suka dafa randa suka tura. "Biyu!" Kawu ya juya ruf da ciki. "Uku!" Ya sake juyowa, ruwa na tsiyaya. A kan bakwai ya fice daga hoto, mayafin ulu na jan ƙasa a bayansa. Yara suka yi tsalle suna tafi, aka saki waƙar rufewa, jar fitila ta mutu.

Sai da mutum uku suka taru kafin zif ya buɗe. Oga ya fito kamar kazar da aka tsoma a ruwan zafi, ido ja, singileti manne da haƙarƙari. Ya sha ruwa kofi huɗu bai ce a can ba ko sau ɗaya. Yana samun numfashi ya nuna teburin Baba da yatsa, ya buɗe baki.

Iyaye suka riga shi. Suka kewaye shi da yara a kafaɗa.

"Kai, Oga, sannu da ƙoƙari! Wallahi da farko na ce mutumin nan ya zautu. Ashe duk shiri ne!"

"Ni inda ka ce 'wanda ya kawo ni bai yi tunani ba', nan na kusa shiɗewa. Ba kowane babba ne zai faɗi haka a kansa ba."

Manaja ta tako cikin ruwa, tana ɗaga gefen zane. Ta dubi auduga, ta dubi bishiyar kwali, ta dubi makirufon da Mai Sauti ke riƙe da shi ta wutsiya kamar mataccen ɓera. Sannan ta dubi Oga.

"Ƙarshen nan, wa ya tsara shi?"

Yatsan Oga na nan a miƙe wajen tebur. Ya dubi yatsan. Ya dubi iyaye goma sha biyu da ke jiran amsa da fuskar yabo. A hankali yatsan ya lanƙwaso, ya zagayo, ya dafa ƙirjinsa.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Tun a jirgi na tsara shi."

"Har da faɗuwar?"

"Musamman faɗuwar."

"Kuma da bakinka ka yi wa yara alkawarin Kawu ba zai dawo ba."

Oga ya gyaɗa kai. "Da... da bakina."

"Madalla. A gidan nan ba ma saɓa wa yara alkawari. Baba, Asabar mai zuwa ka zo da wuri. A samo masa matashi ya riƙa sa wa gwiwarsa, na ga auduga ta wadata." Ta juya ta fita.

Mai Shara ta sauko daga tsani, ta ɗauko abin goge ƙasa da bokiti, ta jingina su a jikin Oga.

"Tunda kai ka tsara, ɗan nan, ka san inda ruwan ya bi."

Ɗaki ya watse, ya rage Oga da bokiti, da Baba da ke zaune a bakin tebur yana tsince auduga daga idon Kunkuru. Oga ya goga ƙasa sau biyu, ya waiwaya ya tabbata ba kowa, ya matso ya rage murya.

"Baba, tsakaninka da Allah. Haka muryata take?"

Baba ya ninke Kunkuru ya sa a aljihu, kai a waje.

"A'a, Oga. Na ɗan sa mata hankali, saboda yara."